An Sayo Injin, Wa Zai Riƙe Shi?

Sharhin yau daga Tudun Wada yake, a ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, kuma zai tsaya ne a kan injinan jawo ruwa da mutanen da ke ɗaura su, suke tada su, suke gyara su idan sun tsaya.

Kusan duk ruwan da ya shiga randa a Tudun Wada, sai da wani inji ya ɗago shi. Idan na famfon gwamnati ne, injinan Hukumar Ruwa ta Jiha ne suka tsotso shi daga gulbin Rima ko daga ƙarƙashin ƙasa, suka kai shi matata, wasu kuma suka turo shi cikin gari. Idan na rijiyar burtsatsen masallaci ne, ko ta wani mai hali da ya fito da kan famfo waje domin maƙwabta, to wani siririn inji ne can ƙasa cikin ruwa, wanda kowa ke kira sumo. Har ruwan da 'yan garuwa ke turowa a kura, in aka bi sawunsa, a gindin tankin da sumo ya cika za a tsaya. Damina a Sakkwato ba ta cika wuce wata huɗu ba, zafin Afrilu kuwa yana haura digiri 40. Saboda haka ranar da aka wayi gari aka ce sumon unguwa ya ƙone, kafin azahar kuɗin jarka ya tashi, yara sun makara zuwa makaranta, tuwon dare ma sai an yi dabara.

Idan hakan ta faru, bakin jama'a kan haɗu a kan abu biyu: ko dai kayan jabu ne, ko kuma wutar lantarki ce ta lalata shi. Duka biyun suna da nasu alhaki. Amma akwai na uku da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi cin dukiya: injin ya faɗa hannun wanda ba a koya masa awo ba. Ana ware miliyoyi domin sayen ƙarfe, ba a ware ko kwabo domin koyar da wanda zai kwana da shi ya tashi da shi.

Wannan ƙasa ta taɓa biyan kuɗin wannan darasi da tsada. A 1978 aka kammala madatsar Bakalori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta. An tsara ban-ruwan hekta kusan 23,000. Kimanin hekta 8,000 ruwa ne zai gangara musu da kansa ta magudanai, sauran kimanin 15,000 kuwa an shimfiɗa musu bututu ne, injinan lantarki su turo ruwa, a yi musu yayyafi daga sama. Zuwa 2003 tsarin yayyafin ya daina aiki, ɓangaren magudanai ne kaɗai ya ci gaba da ciyar da manoma. Da Bankin Duniya ya amince da shirin gyaran ban-ruwa na TRIMING a 2014, na dala miliyan 495, cikin manyan ayyukansa har da mayar da wani ɓangare na filayen yayyafin Bakalori zuwa magudanai. Wato bayan shekaru sama da talatin, an koma ga abin da ba ya buƙatar inji. Injinan ba tarkace ba ne lokacin da aka kafa su. Abin da suka rasa shi ne tsayayyar wuta, kayan gyara a kusa, kuɗin kula na yau da kullum, da isassun hannaye da suka san cikinsu.

Ba Bakalori kaɗai ba ce. Wani rahoton Bankin Duniya na 2017 a kan ruwa da tsafta a Nijeriya ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na wuraren samar da ruwa suna lalacewa tun a shekararsu ta farko. Shekarar farko fa, masu sauraro. Injin da ya mutu kafin ya zagayo shekara ba tsufa ya kashe shi ba.

To me ke kashe shi? Sai a leƙa ramin rijiyar.

Kowace rijiyar burtsatse tana da iyakar ruwan da take iya bayarwa a awa ɗaya. Ƙwararre ba ya sayen sumo sai ya gwada rijiyar: ya ja ruwa na tsawon awoyi, yana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake farfaɗowa, sannan ya lissafa zurfin rami da tsayin tanki da nisan bututu, ya zaɓi injin da ya dace. A unguwanninmu sau da yawa ba haka ake yi ba. Maigida ya tafi shago ya ce, "Alhaji, a ba ni mai ƙarfi, mai doki biyu, kada ya ba ni wahala." Mai shago ba zai ƙi ciniki ba. Aka sa mai doki biyu a rijiyar da ba ta iya ciyar da mai doki ɗaya, cikin mintoci ya zuƙe ruwan da ke ramin, ya shiga jan iska. Shi kuwa sumo ruwan da ke bin jikinsa ne ke sanyaya shi. Da ruwan ya janye, zafi ya hau, wayar ciki ta narke. Akwai 'yar na'ura mai arha da ke kashe injin da zarar ruwa ya yi ƙasa, akwai kuma wadda ke yanke wuta idan ƙarfinta ya faɗi, domin wuta mara ƙarfi ta fi ɗaukewar wuta illa ga inji: yana ƙoƙarin juyawa, yana jan wuta fiye da ƙima, yana dahuwa a hankali. Waɗannan na'urori su ake fara cirewa daga lissafi idan aka ce a rage kuɗi, saboda wanda ya ɗaura bai iya bayyana wa maigida amfaninsu ba.

Ƙasar Sakkwato kuma tana da nata hali. A sassa da yawa ruwan yana kwance ne cikin yashi mai laushin gaske, irin shimfiɗar da masana ƙasa suka raɗa wa sunan Wurno da Taloka. Idan masu haƙa ba su sa matacin da ya dace ba, ba su zuba tsakuwa mai kyau a kewayen bututu ba, ba su kuma wanke rijiyar har ruwanta ya yi garau ba, yashin nan zai riƙa bin ruwa yana cin farfelolin sumo. Ba a rana ɗaya ake gani ba. Tankin da ake cikawa a awa ɗaya sai ya koma awa biyu, sannan uku, wutar da ake biya ta ninka, kowa yana cewa ruwan ƙasa ne ya ja baya.

Daga nan injin ya nufi shagon mai naɗin kwayil. A nan ya kamata a tsaya a yaba, domin waɗannan mutane su suka riƙe ruwan garin nan ba tare da wani ya taɓa kiransu taro ba. Maigidan shago yana zaune a kan benci, gangar inji tsakanin ƙafafunsa, yana zare ƙonanniyar waya rami bayan rami, yana ƙirga naɗin a zuci. Yaransa biyu ko uku suna yanka takardar da ke raba waya da ƙarfe, wani yana miƙar da sabuwar wayar tagulla. Ya naɗa, ya ɗaure, ya shafa banish, ya shanya. Abin da bai yi karatunsa a aji ba, yatsunsa sun haddace shi. Amma akwai wurare uku ko huɗu da ƙaramin sani zai canja sakamakon aikinsa. Wasu kan ƙona gangar da wuta domin tsohuwar waya ta saki da sauri, alhali zafin da ya wuce ƙima yana lalata rufin da ke tsakanin siraran faranta na ƙarfen ciki, injin ya dawo yana shan wuta yana zafi har ƙarshen ransa. Wasu kan sa wayar da ta fi ta asali siranta, ko su faɗa hannun mai sayar da wayar alminiyam da aka yi wa fentin tagulla. Kuma shaguna kaɗan ne ke da mitar da ke gwada ko rufin waya yana yoyon wuta kafin a mayar da inji cikin ruwa. Binciken da ƙungiyoyin masu gyaran injinan lantarki na Amurka da Ingila suka fitar a 2003 ya tabbatar da cewa injin da aka sake wa naɗi bisa ƙa'ida ba ya rasa ingancinsa. Ke nan sana'ar ba ta da laifi. Tazarar da ke tsakanin naɗin da zai yi wata shida da wanda zai yi shekaru, horon 'yan makonni ne da kayan awo da ba su kai kuɗin sabon sumo ba.

A fadama lissafin ya fi fitowa fili, domin can manomi da hannunsa yake zuba fetur. Kakanni da jigo suka yi ban-ruwa a bakin Rima. A shekarun 1980 ayyukan bunƙasa noma suka shigo da ƙananan injina da rijiyoyin tiyo, shirin Fadama na farko da ya soma a 1993 ya yaɗa su. Yau daga Kwalkwalawa zuwa Kware, Wurno da Goronyo, albasa da shinkafa da tafarnuwa duk a kan ƙarar waɗannan injina suke girma. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Daga ranar, duk ɗigon man da inji ya sha a banza, daga buhun albasa ake cire shi.

Kuma yana shan na banza da yawa. Injin da ke zaune a sama ba ya iya tsotso ruwan da ya wuce zurfin kimanin mita 10 ko da sabo ne fil, domin nauyin iskar duniya ne ke turo masa ruwan. A aikace ma daga mita 7 yake fara galabaita. Shi ya sa idan bazara ta yi nisa, ruwa ya sauka, manomi mai lura yakan haƙa rami ya saukar da injin kusa da ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ƙara wuta, injin ya ɗauki wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa. Kumfa ce ke fashewa a jikin farfela tana ɓantarar ƙarfe. Haka nan 'yar hudar da ke jikin tiyon tsotso, wadda aka ɗaure da robar tayar keke, iska take shigarwa, ruwan ya ragu, man kuwa bai ragu ba. Faɗin bututu ma lissafi ne: idan aka ninka faɗinsa, wahalar da ruwa ke sha wajen ratsa shi takan ragu kusan sau talatin. Akwai kuma ƙa'idar da injiniyoyi suka daɗe da sani, cewa rage gudun inji da kashi 20 cikin 100 kan rage ƙarfin da yake buƙata da kusan rabi, musamman inda ba tudu mai tsawo ake tura ruwan ba. Manomin da ke sake wa injinsa wuta har ƙarshe domin ya gama da wuri, ya fi maƙwabcinsa mai haƙuri ƙona mai a kan fili ɗaya.

Manoma ba su zauna jira ba. Da yawa sun mayar da injinansu masu amfani da iskar gas ta girki, masu hali sun koma sola. Makanikai ne suka koyi sauya kafireta daga junansu, wasu daga bidiyon waya. Wannan basira ce abin alfahari, amma tukunyar gas kusa da inji mai zafi, da tiyon da ba na gas ba, ba wurin koyo da gwaji ba ne. Sola kuwa ta zo da nata ilimi: yawan faifai, yadda ake jera su, fuskar da za su kalla, akwatin sarrafa wuta, da share ƙurar hunturu da ke rufe su. Wanda ya iya fetur bai zama lallai ya iya wannan ba.

A ƙasashen da ake ƙera waɗannan injina, an daɗe da gane cewa kuɗin saye ƙaramin kaso ne na abin da inji zai ci a rayuwarsa. Wuta da gyara su ne babban kaso. Wani jagora da ƙungiyoyin masu ƙera famfo na Amurka da Turai suka fitar tare da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka a 2001 ya ƙiyasta cewa injinan tura ruwa da sauran abubuwa masu gudana na cin kusan kashi 20 cikin 100 na wutar lantarkin duniya. A 2012 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin ingancin famfon da za a sayar a kasuwarta. Kamfanin Grundfos na ƙasar Denmak, da aka kafa a 1945, yana da makarantarsa ta horarwa a garin Bjerringbro inda hedikwatarsa take. A Jamus, ƙasar kamfanin KSB da ya faro tun 1871, yaron da zai zama makaniken masana'anta yakan yi shekara uku da rabi yana raba mako tsakanin aji da ma'aikata kafin a ba shi shaida. Ba don sun fi kowa ƙwaƙwalwa ba ne injinansu ke daɗewa. Sun sa koyarwa cikin kuɗin aiki ne.

Wannan lissafi ya iso gida. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na kwastomomin da ke rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Duk masana'anta, otal, asibiti ko gidan ruwan leda da ke tura ruwa da injin da ya fi ƙarfin aikinsa, ko ya sa babban inji sannan ya maƙure bawul domin rage ruwa, yana biyan kuɗin wutar da ba ta amfane shi da komai ba.

Gwamnatin Jihar Sakkwato ƙarƙashin Gwamna Ahmad Aliyu ta farfaɗo da aikin samar da galan miliyan 40 a kullum, a tashoshi irin su Tamaje, Tsohon Filin Jirgi, Gagi, Mana da Runjin Sambo. Duk wanda ya taɓa ganin layin jarkoki da asuba zai yi maraba da wannan. Sai dai ranar buɗe tasha ba ita ce ranar jarrabawa ba. Jarrabawar tana zuwa ne bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa, aka bar ma'aikacin dare shi kaɗai da manyan injina. Shin an koya masa karanta agogon matsin ruwa da na wuta, ya rubuta a littafi kowace awa? Ya san ɗumin boris na lafiya da na ciwo? Yana da kayan daidaita sandar inji da ta famfo, domin karkatar da ido ba ya gani ita ke cinye boris da roba? Ya san abin yi idan gulbi ya ja baya, kamar yadda aka gani a 2018 lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100, bakin tsotso ya fara jan laka? Tsofaffin ma'aikatan da suka san amsoshin nan suna ritaya ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke kansu bai shiga takarda ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne, wuraren koyarwar suna nan. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana Kaduna a kan titin Mando tun 1979, aikinta ke nan. Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, an kafa shi tun 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashin da kamfanoni ke biya, yana kuma mayar da wani kaso ga kamfanin da ya horar da ma'aikatansa. A cikin garin nan akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, akwai makarantun koyon sana'a na Farfaru da Runjin Sambo, akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta shafe shekaru sama da arba'in tana aiki a kan hasken rana. Tsakanin waɗannan gine-gine da bencin mai naɗin kwayil a Tudun Wada tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur, amma ba su san juna ba. Ɗalibi ya fito da lissafi bai taɓa zare farfela ba. Yaron shago ya zare ɗari bai san dalilin cinyewarta ba.

Kaduna ta nuna cewa ana iya haɗa su. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, lokacin shugabancin Farfesa Idris Bugaje wanda daga baya ya koma shugabancin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ta shiga kasuwar Panteka ta yi aiki da masu ƙira da walda, aka gwada abin da suka iya, aka cike musu giɓi, aka ɗora su a kan tsarin shaidar ƙwarewa ta ƙasa. Ba a ce su bar shago su koma aji na shekara huɗu ba. Irin wannan ake buƙata a Sakkwato ga masu ɗaura sumo, masu naɗin kwayil da makanikan injin ban-ruwa: darasi da Hausa, da yamma ko ranar da kasuwa ta yi sanyi, a kan injin da ya ƙone da gaske, a fita da mita a hannu da takardar shaida a aljihu. Kuma a sa matasa mata a ciki, musamman a fannin sola, domin akwai gidajen da mace ce za ta fi sauƙin shiga ta duba akwatin wuta.

Hukumar Ruwa da ma'aikatar da ke kula da ita suna da babban makami a hannu, wato takardar kwangila. Kada a biya kason ƙarshe sai ɗan kwangila ya horar da ma'aikatan da za su riƙe tashar, ya bar littafin inji da kayan gyaran da suka fi saurin ci. 'Yan majalisa da ƙungiyoyi da masu hannu da shuni da ke haƙa rijiyoyin sadaka, Allah ya saka musu, su ware wani abu domin koyar da matasa biyu na unguwar, su rubuta sunayensu a jikin tanki kusa da nasu.

Kai kuma maigida, ko kwamitin masallaci da ke shirin tara kuɗin sabon sumo a wannan bazara, kafin ku tafi shago ku nemi wanda zai gwada rijiyar ya rubuta muku zurfinta da yawan ruwan da take bayarwa a awa, ku sayi injin da ya yi daidai da wannan takarda, kuma kada ku yarda a cire na'urar da ke kashe shi idan ruwa ko wuta sun yi ƙasa.